Gawa a Laburare: Muhawara Kan Labaran Bincike Masu Sanyi

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau na ce bari in kawo ta zaure a taya ni dubawa.

Bara na yi jinyar mahaifiyata wata uku a asibiti. Duk wanda ya taɓa kwana a kujerar gefen gado ya san tsawon dare. Barci ya ƙi, abu mai nauyi ba ya karantuwa, waya kuma in na ɗauka sai ta ƙara mini fargaba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta miƙo mini wani ɗan littafin Turanci da bangonsa ya sha hannu, ta ce in gwada. A bangon an zana kantocin littattafai da fitila da kyanwa kwance a kan tebur. Labarin wata ma'aikaciyar laburare ne a wani ƙaramin gari na Amurka, ta zo buɗe ƙofa da safe ta tarar da gawar mutum tsakanin kantoci. Kafin asuba na cinye rabinsa. Kafin a sallame mu na karanta irinsa guda tara.

Turawa na ce wa irin waɗannan labarai "kozi", ni kuwa ina kiransu labaran bincike masu sanyi. Ana kisa, amma ba a nuna maka jini, babu batsa, babu ashar. Mai binciken ba 'yar sanda ba ce, mace ce mai aikinta na yau da kullum. Gari ƙarami, kowa ya san kowa, a ƙarshe kuma asirin mai laifi ya tonu.

Tambayata biyu ce. Me ya sa marubutan nan suka nace wa laburare? Ta biyun ita ta fi damuna: ta yaya labarin kisan kai ya zama abin da ya kwantar mini da hankali a dararen da nake tsoron mutuwa?

Shugabar Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Fili naku ne, amma don Allah duk wanda zai ambaci wani littafi kada ya faɗi wanda ya yi kisan.

Nura Mai Nazari:
Amin. Anti Ummu Hanan, bari in taɓa ta farkon, ta biyun ta fi ƙarfina.

Asalin abin daga Ingila ne, kuma ba daga laburare ya faro ba, daga ƙauye ne. Agatha Christie ta fito da wata tsohuwa, Miss Marple, a gajeren labari a 1927, sannan a cikakken littafi a 1930. Tsohuwar tana zaune a wani ƙagaggen ƙauye, St Mary Mead, tana saƙa tana kallon mutane. Makaminta ɗaya ne: ta san halin ɗan Adam, domin ta shekara da shekaru tana kallon mutanen ƙauye ɗaya. Duk mai laifin da ta gani sai ya tuna mata da wani da ta sani.

Mutane da yawa na ɗauka littafinta na 1942, The Body in the Library, shi ne uban labaran laburare. A'a. Laburaren da ke cikinsa ɗakin littattafai ne a gidan wani mai hali, ba na jama'a ba. Wanda ake maganarsa a nan, na gari wanda kowa ke shiga kyauta, a hannun marubutan Amurka ya bunƙasa. Charlaine Harris ta fara jerin nata a 1990 da wata ma'aikaciyar laburare a ƙagaggen garin Lawrenceton na jihar Jojiya. Jenn McKinlay, wadda ita kanta ta yi aikin laburare, ta fara nata a 2011 a wani ƙagaggen gari na bakin teku a jihar Konetikat.

Dalilin Amurka kuwa a fili yake. Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe, ya ba da kuɗin gina laburare 2,509 tsakanin 1883 da 1929, guda 1,689 a Amurka, da yawa a ƙananan garuruwa. Sharaɗinsa shi ne gari ya ba da fili, ya yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen kula da shi, kuma kowa ya shiga kyauta. Shi ya sa za ki ga gari mai mutane ƙalilan da tsohon gini na dutse mai matakala a tsakiyarsa. Marubuci ya samu wuri a shirye: tsohon gini, ɗakin ƙasa cike da tsofaffin jaridu, da ƙofa wadda attajiri da matalauci duk ta nan suke shiga.

Abban Sultan:
Ni abin da ya hana ni jin daɗinsu lissafi ne. Gari mai mutum dubu biyu, littafi ashirin, gawa ashirin, kuma mace ɗaya ce kullum ke tuntuɓe da gawar. Ai da tuni mutanen garin sun tattara sun gudu. Haka aka yi ta faɗa a kan shirin talabijin ɗin nan na Murder, She Wrote da aka yi daga 1984 zuwa 1996, ƙaramin garin Cabot Cove ya zama kamar filin daga. Hankali ba ya ɗauka.

Nura Mai Nazari:
Gaskiyarka Yaya, amma mai sauraron tatsuniya bai taɓa tambayar yadda aka yi dabba ta yi magana ba. Yarjejeniya ce tsakanin marubuci da mai karatu. Abin da mai karatu ba zai yafe ba shi ne a cuce shi a wasan.

Baba Malam:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta. 'Yata Ummu Hanan, Allah ya saka miki da alheri kan jinyar mahaifiya, ya sa a mizani. Amma zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba.

Shekara 19 ke nan da aka kashe ƙanena. Ni na je na gano gawarsa. Ba zan kwatanta muku abin da na gani ba. Abin da zan faɗa shi ne, babu sanyi a cikin kisan kai ko na ƙwayar zarra. Matarsa ba ta ƙara komawa daidai ba. Ƙaramin ɗansa ya yi wata biyu yana ajiye takalmin ubansa a bakin ƙofa kowace yamma, yana gyara musu zama. Har yau ba a kama kowa ba.

Jikata ta taɓa kawo mini irin littafin nan. Na kai shafi na talatin na ajiye. An kashe mutum a babi na biyu, a babi na uku ana ta hirar kyanwa da shirin bikin gari. Wanda aka kashe kuma an riga an nuna mana mugu ne, ba mai sonsa, don kada mu ji zafin mutuwarsa. Wannan dabarar ce ta fi ɓata mini rai. An mai da ran ɗan Adam abin wasa ƙwaƙwalwa, an kuma wanke mai karatu daga tausayi tun kafin a fara. Ina tsoron abin da hakan ke koya wa zuciya.

Ummu Hanan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Wallahi na karanta maganar takalmin nan sai da na ajiye wayar.

Ba zan yi jayayya da kai ba, Baba, domin ka ga abin da ban gani ba. Zan dai faɗi abin da ya faru da ni. A asibitin nan babu tambayar da ke da amsa. Me ya kawo ciwon? Ba a sani ba tukuna. Maganin zai yi aiki? Sai an gani. Kullum jira. Sai in buɗe littafin nan in shiga wata duniya inda kowace tambaya ke da amsa, inda ƙaramin abin da aka ambata a shafi na goma zai dawo da ma'anarsa a shafi na ɗari biyu. Ba kisan nake so ba. Warwarewar nake jira. Ina ga abin da aka hana ka shekara 19, wato a ce ga wanda ya yi, ga dalili, ga hukunci, shi ne abin da littattafan nan ke ba mutum a kowane ƙarshe. Ƙarya ce, na sani, amma ita ta riƙe ni har gari ya waye.

Nura Mai Nazari:
Allah ya jiƙan mamaci, Baba. Ƙorafin nan naka yana da tsohon tarihi. A 1944 Raymond Chandler, marubucin labaran bincike masu zafi a Amurka, ya rubuta maƙala yana sukar salon Ingila kan cewa ana kashe mutum ne kawai don a samar da gawa, ba don dalilan da ke sa mutane kisa a zahiri ba. A 1948 kuma mawaƙi W. H. Auden, wanda ya ce shi kansa ya kamu da karatunsu, ya kalli abin ta wata fuska. A ganinsa labarin na bukatar ƙaramar al'umma rufaffiya mai kama da wadda ba ta san zunubi ba, domin gwargwadon natsuwar wurin, gwargwadon yadda gawar za ta girgiza mutum. Da an yi kisan kowa ya zama abin zargi, ba kuma za a koma zaman lafiya ba sai an ware mai laifin.

In aka bi wannan, laburare ya fi ko'ina dacewa. Wuri ne da ake rage murya, kowane abu na da mazauninsa da lambarsa. Gawa a can ta fi gawa a kan titi tayar da hankali. Sai dai na yarda da kai, marubuta da yawa sun ɗauki natsuwar sun watsar da girgizar.

Baba Malam:
Ɗana Nura, na gode. To ka ga ashe ba ni kaɗai ba ne. Ummu Hanan, na ji ki, kuma ban ga laifinki ba. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Da marubutan nake.

Sadiya 'Yar Auta:
Iyayena da yayyena, ina ta karantawa ina jin nauyin sa baki, amma maganar ta zo daidai inda nake. Wata biyar ke nan ina rubuta irin wannan labarin, da Hausa, amma na bar shi a inda salon ya fito, wani ƙagaggen ƙaramin gari a Amurka mai tsohon laburaren Carnegie.

Ga yadda yake a taƙaice. Akwai wani dattijo da ke zuwa kowace safiya ya karanta jarida a kujera ɗaya kusa da taga. Wata rana aka same shi a kujerar ya cika, aka ɗauka zuciya ce, daga baya likita ya ce guba. A daren da ya gabata kuma wani ya jefa wani tsohon littafi a akwatin mayar da littattafai, littafin da aka ara shekara 40 da suka wuce ba a dawo da shi ba. Jarumata, ma'aikaciyar wurin, sai ta shiga kwamfuta ta duba wa ya ari littafin guba a watan nan, ta ga suna uku, daga nan bincike ya fara. Ya kuka gani?

Anti Laure:
Sadiya ƙanwata, ki tsaya nan. Tun safe nake bin muhawarar ban ce komai ba, amma yanzu kin taɓo aikina. Shekara 23 na yi a bayan teburin ba da aro.

Jarumarki ta ci amana a babin farko, kuma duk ma'aikacin laburare da ya karanta zai rufe littafin.

Bari in ba ki labari. Wata rana da rana tsaka wani mutum ya shigo, kamili, da shiga ta mutunci. Ya jingina da tebur ya rage murya ya ce matarsa na zuwa nan, yana so in duba masa littattafan da take ara. Ya faɗi sunanta. Na san ta sarai. Na san abin da ta ara, domin ni na miƙa mata, kuma na ga yadda ta kifa bangon a kan tebur don kada na bayanta su gani. Littattafai ne kan wata cuta, da ɗaya kan haƙƙin mace a shari'a. Na ce masa ba na iya faɗa. Ya ce shi mijinta ne. Na ce na sani, amma ba na iya faɗa. Ya ɗaga murya har masu karatu suka ɗago kai, ya ce zai kai ƙarata wurin shugabana. Hannuna na rawa a ƙarƙashin tebur, na riƙe hatimin kwanan wata kamar zan fasa shi. Ya fita. Bayan mako biyu matar ta dawo da littattafan, ta ajiye, ta ari wasu. Ba ta san abin da ya faru ba, ni ma ban taɓa gaya mata ba.

Abin da mutum ke karantawa shi ne abin da ke cikinsa wanda bai gaya wa kowa ba. Mai tsoron ciwo, mai bashi, mai neman aiki a ɓoye, yarinyar da ke da tambayar da ba za ta iya yi wa uwarta ba, duk ta gabanmu suke wucewa. Mun san garin fiye da ɗan sanda, fiye da likita ma wani lokaci. Wannan ita ce amsar tambayarki ta farko, Ummu Hanan. Marubuta sun nace wa laburare ne domin ma'aikaciyarsa ta san sirrin kowa. Abin da galibinsu suka manta shi ne an ba ta sanin ne bisa sharaɗin ta yi shiru.

Kuma tunda a Amurka kika ajiye labarinki, Sadiya, can abin doka ne. Ƙungiyar laburarorin ƙasar ta sa kare sirrin mai karatu cikin ƙa'idojin aikinta tun 1939. Jihohi 48 na da dokar da ta kare bayanan aro. A 2005 FBI, hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka, ta aika wa wata haɗakar laburarori a Konetikat takardar neman bayanan masu amfani da kwamfuta, tare da umarnin kada su gaya wa kowa an tambaye su. Ma'aikata huɗu suka ƙi, suka tafi kotu, a 2006 gwamnati ta janye. Mutanen da suka tsaya wa FBI, su ne za ki nuna ɗayarsu na leƙa kwamfuta don ta gamsar da son saninta?

Sadiya 'Yar Auta:
Anti, kin kashe mini jiki. Wallahi ban taɓa kallonsa haka ba. To amma in ba ta duba ba, ta ina za ta kamo bakin zaren? Duk ginin labarin a kan sunaye ukun nan yake.

Abban Sultan:
Anti Laure, da girmamawa, rai fa aka kashe. Sirrin aron littafi ya fi ran mutum ne? In na san duba kwamfuta zai kama makashi, ni dai dubawa zan yi.

Anti Laure:
Abban Sultan, akwai hanya. Ɗan sanda ya je ya samo umarnin kotu, alƙali ya auna ya ga akwai dalili, sannan a buɗe. Ba ni zan zama alƙali ba. Ka kuma tuna mutum uku ne a jerin Sadiya. Ko da ɗaya ne makashin, biyun fa? Wataƙila uwa ce da ɗanta ya haɗiyi wani abu ta tsorata. Wataƙila ɗalibi ne mai jarrabawa. An jefa su bakin duniya a garin da kowa ya san kowa, saboda sun karanta littafi. Gobe wa zai ƙara aron irinsa?

Sadiya, kada ki karaya, gyaran zai ƙara wa labarinki ƙarfi ne. Da farko ma, manhajojin laburare da yawa na goge alaƙar mutum da littafi da zarar ya dawo da shi, saboda wannan dalilin. Sannan ki yi tunani: mai niyyar sa guba zai zo ya miƙa katinsa a rubuta sunansa? Ba zai ara ba. Zai tsaya a bayan kanta ya karanta a tsaye, ya mayar da sauri. A nan idon ma'aikaciya ke aiki.

Tsarin Dewey da aka fara a 1876, wanda yawancin laburarorin jama'a na Amurka ke bi, ya ba kowane fanni lamba. Ilimin guba yana 615.9. Laifuffuka suna 364. Tarihin zuri'a da asalin iyali yana 929. Kowace safiya muna bin kantoci muna karanta lambobi da ido, kamar mai ƙirga garke. Littafin da aka sa ba a mazauninsa ba daidai yake da ɓatacce, don haka idonmu ya saba kama shi daga nesa. Ki sa jarumarki ta tarar da littafin 615.9 a cuse cikin 929. Wani ya ji tafiya, ya tura shi inda yake tsaye. To me ya kai mai karanta guba sashen zuri'a? Wa yake nema a can? Ga bakin zarenki, kuma ba ta buɗe sirrin kowa ba. Ƙura ma shaida ce. Littafin da ya shekara goma ba a taɓa ba yana da layin ƙura a gabansa, in aka zaro shi sai layin ya yanke.

Nura Mai Nazari:
Wannan ya dace da ƙa'idar wasan ma. Ronald Knox, wani limamin Katolika a Ingila, ya tsara dokoki goma a 1929. Daga ciki: dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, kada a kawo gubar da kimiyya ba ta sani ba, kada mai bincike ya gano gaskiya ta hanyar sa'a ko wani ji a jiki marar dalili, kuma duk alamar da ya gani a nuna wa mai karatu. Suna a kwamfuta kyauta ce daga sama. Littafi a kantar da ba tasa ba kuwa mai karatu ya gani da idonsa, sai dai bai kula ba. Daɗin ke nan, ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa, amma in ka koma baya ka ga hayaƙin tun farko yana nan.

Maganar kyanwa da Baba ya yi kuma, ba daga iska ta zo ba. A Janairun 1988 ma'aikatan laburaren garin Spencer a jihar Ayowa suka tsinci ɗan kyanwa a akwatin mayar da littattafai cikin tsananin sanyi, suka raɗa masa suna Dewey, ya zauna a wurin har ya mutu a 2006. Laburarori da dama a can na da kyanwarsu.

Ummu Hanan:
Anti Laure, kin amsa mini abin da ban ma san ina tambaya ba. Yanzu na gane dalilin da ya sa cikin taran nan biyu kawai nake tunawa. A cikin ɗayansu jarumar ta san wani abu game da wata yarinya, ɗan sanda na matsa mata, ita kuma ta ƙi faɗa har aka fara zarginta. Wurin nan ne zuciyata ta buga, ba wurin gawar ba.

Sadiya 'Yar Auta:
To Anti, tsohon littafin da aka dawo da shi bayan shekara 40 fa? A bayansa akwai aljihun takarda da kati, an rubuta sunayen waɗanda suka ara da hannunsu. Shi ma ba za ta duba ba?

Nura Mai Nazari:
Ni ina ganin wannan halal ne. Katin a cikin littafin yake, duk wanda ya buɗe zai gani. Abin da ke fili ba sirri ba ne.

Anti Laure:
Nura, a nan mun rabu. Gani daban, yaɗawa daban. Wannan tsarin na sa hannu a kati, barinsa da aka yi har da dalilin tona asirin da yake yi. Na sha zama da baƙin alƙalami ina shafe sunaye a tsofaffin katuna kafin mu fitar da littattafan da muka daina amfani da su. Wasu masu sunayen sun rasu, amma 'ya'yansu na nan. Ba zan ce jarumar ta rufe ido ba, ta riga ta gani. Amma ki bar abin ya dame ta, Sadiya. Ki bar ta ta kwana da sunan nan a cikinta tana juyi, ta san in ta faɗa ta karya abin da ta rayu a kansa, in ta yi shiru wataƙila makashi ya sha. Kada ki sauƙaƙa mata.

Nura Mai Nazari:
Ban sauka daga ra'ayina ba, Anti, amma na yarda naki zai fi daɗin karatu.

Baba Malam:
Sadiya jikata, saura ni. Ban canza ra'ayi kan littattafan nan ba, kuma ba na jin zan karanta su. Amma tunda kin riga kin ɗauki alƙalami, ina da roƙo.

Dattijon nan naki mai karanta jarida, kada ki mai da shi mugu don ki huta. Ki ba shi suna. Ki ba shi wanda zai yi kukansa. Ki gaya mana wane shafi yake fara buɗewa, ko yana lasar yatsa kafin ya juya takarda, ko yana gaida mai shara. Kujerar nan ta kusa da taga, ki bar ta babu kowa har ƙarshen littafin, mutane su riƙa kewaye ta. Ranar da aka kama wanda ya yi, kada ki sa kowa ya yi dariya a shafin ƙarshe kamar ba a yi komai ba. Ba sai kin nuna jini ba, ni ma ba na son ganinsa. Rashin nake so ki nuna.

Sadiya 'Yar Auta:
In sha Allahu Baba, na ɗauka. Daren jiya ban yi barci ba, na sake babin farko gaba ɗaya. Yanzu jarumar ce ke ajiye masa jaridar kowace safiya a hannun kujera kafin ya iso, kuma washegarin rasuwarsa sai da ta ajiye ta juya sannan ta tuna. Na cire kwamfutar. Littafin guba yana cikin 929.

Saura abu ɗaya da ya cije. A katin tsohon littafin, suna na ƙarshe na wani babban mutum ne a garin, hatimin gefensa kuma ya nuna 20 ga Yuni. A labarin, wata yarinya ta ɓace a garin ranar 6 ga Yunin shekarar, shi kuma tun a lokacin ya ce ya yi tafiya, bai dawo ba sai 15 ga wata. Ina so katin ya ƙaryata shi, amma 20 ta zo bayan 15, ba ta kama shi da komai ba. In canza kwanan watan ne?

Anti Laure:
Kada ki taɓa shi. Hatimin da muke bugawa ba ranar da aka ari littafi yake nunawa ba, ranar da za a dawo da shi ce. Kowace safiya abin da nake fara yi ke nan, in murza lambobin hatimi in tura su gaba gwargwadon wa'adin aro. Ki sa wa'adin laburarenki ya zama mako biyu, wanda dama shi aka saba da shi a wurare da yawa. Ɗan sanda zai kalli katin ya ga 20 ya wuce. Mai karatu ma haka. Jarumarki kaɗai za ta tsaya.

Cire 14 daga 20.

Sadiya 'Yar Auta:
Shida.

Anti, yana garin. Yana tsaye a gaban teburin a ranar.

Bari in je in rubuta.